Nawa masu sayar da motoci ke saro sabuwar mota?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mai sayen wake da aya a kasuwannin ƙauye, daga Mayahi zuwa Gazawa. Yana son sabuwar Hilux dubul kabin, ta gazuwal, wadda ba a taɓa hawa ba. An yi masa kuɗinta miliyan 31 a nan cikin Maraɗi. Mai sayarwar ya nuna masa hoton faktir a waya, ya rantse cewa jaka 200 kaɗai zai samu a kai. Ɗansa kuma ya duba intanet ya ce masa ai a Amurka kowa ya san nawa ake saro mota. Shi ne yake son sanin nawa suke sayenta a haƙiƙa, da yadda zai gane ko ana cutarsa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na daɗe ina aikin fitar da motoci daga duwan, daga baya na riƙe wa wani mai shigo da motoci lissafinsa, don haka takardun da ake nuna maka a waya na sha riƙe asalinsu a hannu. Zan fara da rantsuwar nan, domin ita ce ta fi tsaya maka a rai.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai ka auna da kanka: jaka 200 a kan miliyan 31 ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Babu wanda zai kwashi miliyoyi ya tura Dubai, ya yi wata biyu ko uku yana jiran jirgi da ayari, ya sha fama da tasha da duwan, don ya samu abin da kai kake samu a 'yan buhunan wake. Idan da gaske jaka 200 ce rabonsa, to motar ba tasa ba ce. Dillali ne, la'adarsa yake faɗa maka, ribar mai motar kuwa tana kwance cikin lambar da aka rubuta a wancan hoton. Abin da za ka fara ganowa ke nan: da wa kake ciniki, mai kaya ko ɗan aike?

Maganar ɗanka ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ta ƙasar wasu ce. A Amurka, tun 1958 doka ta tilasta a liƙa wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai ɗauke da farashin da kamfani ya ba da shawarar a sayar. Sunan sanatan da ya kawo dokar, Monroney, shi ya bi takardar har yau. Bayan wannan akwai farashin da kamfani ke rubuta wa shagon da ke sayar masa da motoci, wanda yake ƙasa da na gilashi da 'yan kaso kaɗan, kuma shi ne ake samu a intanet. To ko a can ɗin, wannan lambar ba ita ce abin da ke fita daga aljihun mai shago ba. Kamfanoni da yawa suna riƙe kamar kashi 2 zuwa 3 na kuɗin motar, su mayar wa mai shago bayan ya sayar. Akwai kuma tukuicin da ake ba shi idan ya cika adadin da aka yanka masa a wata ko a shekara, da ragin da ake yi masa a asirce kan motar da ta ƙi tafiya. Shi ya sa mai shago a can zai iya sayar maka daidai kuɗin da ke kan takardarsa, ya dafa ƙirji ya ce bai ci ko sisi ba, alhali nasa na nan tafe ta bayan gida. Ƙari a kan haka, Hilux ma ba a sayar da ita a Amurka, wata ce daban suke da ita mai suna Tacoma. Saboda haka lambobin da yaron ya gani ba su da abin da za su gaya maka a kan motar da ke ajiye a Maraɗi. Darasi ɗaya za ka ɗauka daga can, cewa takardar saye ba ta faɗin duka labari.

A nan gida, sabuwar Toyota takan shigo ta hanya biyu. Akwai wakilin kamfani, wato CFAO a Yamai, wanda tun 2012 reshen kasuwanci na gidan Toyota ɗin kansa, Toyota Tsusho, ya saye mafi yawansa. Farashin da masana'anta ke ba irin wannan wakili sirri ne tsakaninsu, ba za ka gan shi a waya ko a intanet ba, kuma duk wanda ya ce maka ya san shi daidai kintace yake yi. Abin da ke a fili shi ne kuɗinsu ya haɗa da garanti, galibi shekara 3 ko kilomita 100,000, da garejin da zai karɓe ka idan wani abu ya taso. Irin wannan gida ba a kan sayar da mota kaɗai yake ci ba, gyara da kayan gyara suna kawo masa kuɗi shekara da shekaru bayan an yi ciniki. Hanya ta biyu ita ce ta 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai su saro a filayen motoci na Ras Al Khor, a ɗora musu a jirgi daga Jebel Ali. Na fi zaton motar da aka nuna maka ta wannan hanyar ta biyo, don haka bari mu bi ta ƙafa da ƙafa.

Lambobin da zan kawo misali ne don ka ga yadda lissafin ke tafiya, kuma da sefa irin ta takarda nake magana, ba ƙirgen dala-dala na kasuwa ba. A ce an saye ta a Dubai dalar Amurka 30,000, ana canjin dala ɗaya sefa 600. Miliyan 18 ke nan. Wannan kuɗin mota ne tana tsaye a fili a can, ko taya ɗaya ba ta motsa ba. Kuɗin jirgi da inshora zuwa Lome, mu sa miliyan ɗaya da rabi. Sauke ta, kuɗin tasha, mai fitar da kaya, takardun wucewa, direba, mai, da abin da hanya ke ci, mu ƙara miliyan ɗaya da rabi. Mun kai 21, duwan ba ta ce komai ba tukuna.

Kafin mu shiga duwan, hanyar kanta ta canja lissafi. A da mota takan sauka Kwatano, ta haura Malanbil, ta tsallaka gada zuwa Gaya, ta biyo Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, cikin 'yan kwanaki ka gan ta a ƙofar gida. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma sauka Lome, su ratsa Burkina Faso, su jira ayari da rakiyar soja kafin su shigo ta Tera. Daga Yamai kuma da sauran kilomita fiye da 600 kafin Maraɗi. Duk wanda ya kwatanta maka farashin yau da na ɗan'uwansa da ya sayi irinta a 2021, hanya biyu daban yake kwatantawa.

A duwan ne mafi yawan masu saye ke ɓata lissafi, kuma nan ne nake son ka natsu. Ba a kan kuɗin Dubai kaɗai ake yanka haraji ba, a kan darajar motar ne haɗe da jirgi da inshora. Duwan kuma ba dole ta yarda da abin da ke kan faktir ba, tana da nata ma'aunin. A ce ta ɗauki darajar miliyan 20. Harajin shigowa rukuni-rukuni ne: akwai na kashi 5, na 10, na 20, gwargwadon inda aka sa kayan a jadawali. Idan motar ta faɗa rukunin 20, miliyan 4 ke nan. Sai harajin ƙididdiga kashi 1 da wasu ƙananan kaso na ƙungiyoyin yanki, waɗanda in an haɗa sun ɗan haura kashi 2, wajen jaka 460. Sannan TVA, harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, kashi 19. Ga inda gizo ke saƙar: wannan kashi 19 ba a kan miliyan 20 ake cire shi ba, a kan miliyan 20 ɗin ne tare da harajin da aka riga aka ɗora. Haraji a kan haraji. Ya zama wajen miliyan 4 da jaka 600. Jimilla miliyan 9 da 'yan kai, motar ta tsaya wa mai ita a miliyan 30. Amma idan a rukunin kashi 10 aka sa ta, a matsayin motar ɗaukar kaya, duka harajin bai kai miliyan 7 ba, motar ta tsaya masa ƙasa da 28.

Ka ga ke nan, a mota ɗaya, farashi ɗaya na miliyan 31, ribar tana iya zama miliyan ɗaya, tana iya haura uku, kuma hoton faktir ɗin Dubai ba zai nuna maka ko wanne ba.

Shi kansa faktir, in faɗa maka abin da na gani da idona. Takarda ce da mai sayarwa ke bugawa a kwamfutarsa, abin da aka roƙe shi ya rubuta shi zai rubuta. Na taɓa zama a ofis aka ajiye mini biyu a kan tebur, mota ɗaya, lambar shasi ɗaya, rana ɗaya, hatimi ɗaya. Ɗaya ta ce dala 24,000, ɗayar ta ce 33,000. Ƙaramar don duwan aka yi ta, babbar don mai saye, kuɗin da aka tura ta banki kuwa yana tsakiyarsu. Ban ce kowa haka yake yi ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a sana'ar. Amma tun daga ranar na daina ɗaukar hoton faktir a matsayin hujja. Akwai kuma wadda ake bayarwa tun kafin a yi ciniki, ta tayin farashi, wadda ba ta nuna an biya ko sisi. Da yawa daga hotunan da ke yawo a WhatsApp irinta ce.

Takardar da ta fi wuyar juyawa ita ce ta duwan: sanarwar shigo da motar da rasiɗin biyan kuɗi. A jikinsu za ka ga darajar da aka ɗauka, kason da aka yanka, da abin da aka biya. Ka nemi asalinsu, ka kwatanta lambar shasi harafi 17 da wadda ke jikin motar, ɗaya bayan ɗaya, kada ka ji kunya. Harufan farko ma suna gaya maka inda aka ƙera ta: MR0 Tailan ce, AHT Afirka ta Kudu, wadda ta fara da J kuwa Japan. Idan aka ce maka takardun suna Yamai wajen kamfanin takardun mota na SONILOGA, za a kawo, to kai ma kuɗinka suna gida, za a kawo. Motar da ba a biya mata duwan ba, ko aka shigo da ita da sunan wucewa za ta yi zuwa wata ƙasa, takan zo da araha mai daɗi, ranar da aka tare ka a hanya kuma kai za ka biya abin da mai sayarwa ya tsallake, har da tara.

Wannan ne ma asalin labarin da za ka ji a majalisa cewa wata ƙungiya ta sayi irin motar nan miliyan ashirin da 'yan kai. Ba ƙarya ba ne. Ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da dama an ɗauke musu haraji, kuma sukan sayi goma ko ashirin a lokaci guda. Cire miliyan 7 ko 9 daga lissafin da muka yi, za ka ga inda lambar ta fito. Ni da kai ba mu da wannan takardar.

Saura abu biyu da ba sa fitowa a kowace takarda, kuma a ganina su ne suka fi ba mai saye ƙarfi a ciniki.

Na farko canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Amma motar Dubai da dala ake lissafinta, dirhami ma a ɗaure yake da dala. A farkon 2021 dala ɗaya tana wajen sefa 540, a Satumban 2022 ta haura 680. A motar dala 30,000, bambancin ya fi miliyan 4, mota ita ce ita. A shekarar nan ta 2022 mun taɓa yanka wa wani mutum farashi dala tana wajen 580, ya ba da kafin alƙalami, muka yi alkawari a gaban shaidu. Abokin cinikinmu na can ya yi ta ja mana rai, yau gobe, har wata biyar. Ranar da muka je tura cikon kuɗin dala ta wuce 660. Maigidana ya daɗe yana kallon takardar banki, sannan ya ce a tura, alkawari kaya ne. Mun miƙa motar da faɗuwar da ta kusa miliyan biyu, mai sayen kuma har yau na tabbata yana ganin mun ci riba a kansa. Don haka ka tambayi watan da aka biya kuɗin motar, ka duba nawa dala take a lokacin. Idan an saro ta dala tana sama, yanzu ta sauko, wadda za a kawo a jirgi na gaba za ta fi ta sauƙi, shi ma mai ita ya san haka.

Na biyu kwanakin da ta yi a ajiye. Wanda ya ci bashin banki, a ce kashi 12 a shekara, motar miliyan 30 tana cinye masa jaka 300 duk wata tana tsaye. Yawancin Alhazanmu ba sa taɓa kuɗin ruwa, da uwar kuɗinsu suke juyawa, amma wannan bai hana lokaci ci musu ba, kuma kai ka fi ni sanin haka. Miliyan talatin da aka zuba a wake da kaka aka fitar da bazara, ka san abin da take haifarwa. Ita kuwa mota tana nan a ƙarƙashin rumfa, ƙurar hunturu na hawanta, ana biyan mai gadi da yaron wanki, batir na mutuwa, shekarar ƙira tana tsufa. Mutumin da motarsa ta iso makon jiya zai ce maka albarka yana murmushi. Wanda tasa ta yi wata bakwai, kaka ta kawo kai yana son kuɗin sari, shi ne zai biyo ka har bakin mota ya ce Alhaji dawo mu daidaita.

Ba zai gaya maka kwanakin ba, amma motar za ta gaya maka. Ka durƙusa ka dubi gefen taya, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1223, an yi tayar a mako na 12 na 2023. Jikin bel ɗin kujera, can ƙasa, yakan ɗauki shekarar da aka yi shi. Ga kuma ranar da ke kan rasiɗin duwan. Mota tana iya zama sabuwa fil, leda a kujera, kilomita 30 a agogo, amma ta shekara biyu da fitowa daga masana'anta. Ba aibi ba ne, sai dai a Dubai ma da ragi aka saro irinta, kuma ragin nan ya kamata ya iso gare ka.

Sunan mota ɗaya kuma ba ya nufin kaya ɗaya. Hilux akwai mai injin 2.4, akwai 2.8, akwai mai giyar hannu, akwai mai canja kanta, akwai kat-kat, akwai wadda ƙafa biyu kaɗai ke ja. Tsakanin ta ƙasa da ta sama miliyoyi ne. Na ga an liƙa wa ƙaramar fitilu da ƙarafan ado da rubutu a gefe aka sayar da ita a kuɗin babbar. Ga mai shiga rairayin Dakoro da Mayahi da lodi, a ganina kat-kat mai giyar hannu wadda ba ta da tarkacen lantarki da yawa ta fi, domin ita ce masu gyaranmu suka sani, kuma gazuwal ɗin ƙauye ba ya saurin kwantar da ita.

Da ni ne kai, ba zan tsaya jayayya a kan nawa ya saya ba, domin a wannan fagen shi ke da takarda, shi ke da rantsuwa. Zan aika a karɓo mini farashin wakilin kamfani a Yamai a rubuce, na irin motar sak, da haraji a ciki. Wannan shi ne rufin ciniki. Motar da ba ta da garanti dole ta sauko ƙasa da shi sosai, in ba haka ba me ya hana ka hau bas ka je ka ɗauko mai garanti? Zan kuma tambayi mutum biyu ko uku masu zuwa Dubai nawa irinta take a fili a wannan watan, in yi lissafin da muka yi a sama, in sami ƙasan ciniki. Tayina zai faɗa tsakanin biyun, kusa da ƙasa idan motar ta daɗe a ajiye. Kuma zan bar wa mutumin ribarsa. Wanda ya jefa miliyan talatin cikin teku da hanyar Burkina ya cancanci fiye da jaka 200, kuma idan ka matse shi har ya rasa, zai fanshe a inda ba ka gani: ya canja tayoyi, ya cire batir na asali, ko safaya da jak su yi ɓatan dabo.

Idan aka ce motar tana kan ruwa, ka ba da rabi a ajiye maka, ka tuna ba a cinikin biri a sama. In dai dole ne, a rubuta lambar shasi, farashin ƙarshe da sefa, ranar miƙawa, da wanda zai ɗauki bambanci idan dala ta tashi ko duwan ta ƙara daraja, shaidu su sa hannu.

Shi kuma mutumin da ya rantse maka, ka ce ya haɗa ka da mai motar ku zauna ku uku. Dillalin kirki ba ya gudun wannan zama, domin la'adarsa halal ce kuma kowa ya san da ita. A nan za a faɗi ko nawa ce da wanda zai biya, kai ko mai kaya, kafin a ce an sallama. Wanda ya fara kame-kame, wai Alhajin ya yi tafiya, wai ba ya son a san shi, to akwai abin da ya ɗora a sama wanda mai motar ma bai sani ba, kuma sau da yawa ya ninka jaka 200 ɗin sau uku ko huɗu.